Malam Tanko, Mai Sauraron Numfashin 'Yan Tsaki

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin ranar Talata, 14 ga Janairu, 2025, Allah ya karɓi ran maƙwabcina Malam Tanko, mai kiwon kaji a Ƙofar Mazugal. Ban iya raka shi makwancinsa ba. A wajen sallar jana'iza na tsaya, sai na zauna a dakali ina kallon bayan jama'a.

Malam Tanko, shekara huɗu ke nan da ka shigo gidana ɗauke da kwali, wata biyu bayan rasuwar matata. Ka ajiye 'yan tsaki goma, ka ce ba ka da wurinsu. Na san ba haka ba ne. Ka lura na daina fitowa, kana so in sami abin da zai tashe ni da safe.

Saura kaɗan in kashe su da tausayi. Saboda sanyi na hura musu gawayi a kasko, na rufe taga, na toshe ƙasan ƙofa da tsumma. Da safe ka tarar da su sun miƙe wuya, baki a buɗe, suna haki. Ka fitar da kaskon, ka wangale taga, sannan ka dube ni.

"Malam Baffa, shekara talatin kana koya wa yara cewa mai rai iska yake shaƙa. Su waɗannan ka ɗauka tuwo suke shaƙa?"

Ranar ka koya mini sauran. Ka kwashe jiƙaƙƙiyar dusar katako ka shimfiɗa busasshiya. Ka ware masu kakari a kwali daban. Kana ɗaukar kowanne ka kara shi a kunnenka, ka goge masa majina da ƙyalle mai ɗumi, ka ɗiga masa ruwan sukari a gefen baki. Ka ce kada a ɗura, ɗan tsako ƙwarewa yake yi. Ka ce wanda ya kwana bai sami sauƙi ba, a kai shi wajen likitan dabbobi, kada a tsaya taurin kai. Takwas suka rayu. Tun daga nan kullum sai ka leƙo, wai ka zo duba kaji, alhali ka fi daɗewa a tabarmata.

Shekaranjiya biyu daga cikin sababbin 'yan tsakina suka fara haki. Na yi duk abin da ka nuna mini, har na zo kan ɗigon ruwan. Ruwan ya kuɓuce mini, ya wuce ɗigo. Ɗaya ya tafi a tafin hannuna. Ɗayan yana nan yana cin tsaki. Na gaji, Malam Tanko. Ba na jin zan ƙara kiwo bayan waɗannan.

Allah ya jiƙanka, ya yafe maka kurakuranka, ya yalwata maka kabarinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyyata ga mai ɗakinka Hajiya 'Yardada, da 'ya'yanka Ismail da Asibi. Allah ya ba ku haƙuri, mu kuma ya kyautata namu ƙarshen.

Ismail, akurkin da mahaifinku ya ara mini yana wajena. Kada ka aiko a ɗauka. Ka zo da kanka, ka ɗan zauna.

Malam Baffa Kyari, Ƙofar Mazugal, Kano