Lukiya, Wadda Ta Mayar Da Mu Kan Tabarma

Na Allah ne mu, kuma wurinSa kowa zai koma. Ranar Talata, sha huɗu ga watan Mayu, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Lukiya Mkwanda, likitar gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi ta ƙaramin asibitinmu na bakin tafki, a yankin Mangochi na ƙasar Malawi. Tana bayan babur za ta duba wata tsohuwa a ƙauye, motar dakon masara ta ƙwace ta yi kansu. Mai babur ɗin ya tsira da karaya, ita kuwa ko asibiti ba a kai da ita ba. 'Yata Saujati ce ta shigo da labarin, ta same ni a kan kujerata a baranda. Kafin hawaye ya zo mini, tsoro ne ya riga shi. Na dubi ƙasar tsakar gidana, abin da ya fara faɗo mini a rai shi ne: to yanzu wa zai riƙe mini zanen?

Lukiya, ke kin san abin da nake nufi, amma bari in faɗa saboda waɗanda ba su sani ba. Ni Abiti Jafali ce, tsohuwar malamar firamare. Shekarar da na bar aiki hawan jini ya kayar da ni, ɓarin jikina na hagu ya shanye. Na samu sauƙi har ina takawa da sanda, sai wata rana na sunkuya zan ɗauki murfin tukunya, na tafi gaba ɗaya. Saujati tana kasuwa, maƙwabta suna gona. Na kwanta a tsakar gidan da na share shekara da shekaru, rana tana dukan fuskata, kaji suna tsallaka ƙafata, na yi kira har muryata ta dushe. Ban ji ciwo ko ɗaya ba. Na dai kasa tashi ne, kuma na gane cewa idan ba wanda ya zo, a nan zan ƙare. Tun daga ranar nake tsoron ƙasa kamar yadda yaro yake tsoron rijiya.

Saujati ta saya mini kujera, ta zama gidana. A kanta nake ci, a kanta nake salla. Ita dai ƙauna ta yi mini, ban musa ba. Amma a wurinmu wace mace ce take rayuwa a kan kujera? A ƙasa muke tuƙa tuwo, a ƙasa muke gyara kifi, a ƙasa muke raino, a ƙasa muke zaman makoki, ƙafafu a miƙe, kafaɗa tana gogar kafaɗa. Da yayata ta rasu, uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, aka kai ni da kujerata. Ɗaki ya cika, ba inda za a sa ta, kuma ba a zama sama da masu makoki. Sai aka ajiye ni a waje a gindin mangwaro, ni kaɗai, kamar baƙuwar da gwamnati ta aiko. Ina jin kukan 'yan'uwana ta taga. Daga nan na daina zuwa makoki, kuma kowa ya san abin da ke jiran wanda ba ya zuwa na mutane. Sai tsorona ya zama biyu: in faɗi ba kowa, in mutu ɗakina ya zama wayam.

A haka aka kawo ni wurinki. Na zaci zan ga babbar mace, sai na ga 'yar siririya mai gilashi, sa'ar Saujati ko ma ba ta kai ba. Na raina ki, kuma kin gane. Kika bar ni na gama zuba miki bayanin ciwona da harshen malamai, sannan kika tambaye ni yaushe rabona da zama a tabarma. Na ce ban zo wasa ba. Kika ce ke ma haka.

A lokacin kina bincike don ƙarin karatunki. Kin gaya mana cewa yawancin gwajin da kika koya a makaranta tashi daga kujera yake aunawa, kuma ba laifi, yana da amfaninsa, amma mace za ta iya cin wannan gwajin ta koma gida ta ci gaba da zama baƙuwa a cikin danginta. Abin da kike son sani shi ne ko matan da ɓarinsu ya shanye za su iya koyon sauka ƙasa da tashi da kansu, da kuma hanyar da ta fi musu sauƙi. Kika nemi izini, kika fitar da kujerun ɗakin gashi, kika shimfiɗa tabarmi. Ranar da muka shiga muka ga haka, Layina mai sayar da busasshen kifi, wadda ciwo ya karkata mata baki amma bai rage masa kaifi ba, ta tsaya a ƙofa ta ce, "Likita, ɓarayi ne suka shigo, ko asibitin ne ya talauce?"

Kika ce, "Inna Layina, kujerun ne suka gaji da ke, sun ce a ba su hutu."

Kowa ya yi dariya ban da ni. Ni tabarmar nake kallo.

Hanyarki ba ta da wani kayan aiki. Zane kike ɗaura wa mace a ƙugu, ki tsaya a bayanta ki naɗe bakinsa a hannunki. Ba kya ɗaga kowa. Kina dai nan, idan mutum ya tafi sai ya ji zanen ya ja shi ya tsaya. Kika koya mana juyawa kan ɓari mai lafiya, mu dafa ƙasa, mu hau gwiwoyi, mu kafa ƙafa mai ƙarfi a gaba, mu dafa gwiwar mu tura. A baki abu kaɗan ne. A jiki kuwa, farkon ranar da na sauka na ƙanƙame ƙafarki ina kuka ina cewa ki tashe ni. Ba ki tashe ni ba, ba ki kuma yi mini faɗa ba. Zama kika yi a gefena a ƙasa, kika miƙe ƙafafu irin zamanmu, kika hau tambayata yadda ake koya wa 'yan aji ɗaya riƙe fensir. Na daɗe ina ba ki labari kafin in tuna inda nake zaune.

Kina da zafi a kan abu ɗaya tak. Ba kya yarda a ja mara lafiya ta hannun da ya shanye. Mutanenmu ba sa iya ganin babba a ƙasa su tsaya, kowa sai ya ruga ya kama abin da ya samu, kuma hannun da yake lilo shi ne ya fi sauƙin kamawa. Kin nuna mana kafaɗar Layina da 'ya'yanta suka goce mata da irin wannan taimako, har yau ba ta iya kwanciya a kanta. Ranar da kika ga Saujati ta kamo ni ta nan, murya kika ɗaga mata a gaban mutane, sannan da yamma kika biyo mu har gida da ayaba a leda kika ba ta haƙuri. Kika zauna kika ci tuwonmu, kika sa na riƙe tukunya da hannun hagu ina tuƙi da dama. Tuwon ya yi gudaji, kika cinye kika ce kin ci wanda ya fi shi muni a makarantar kwana.

Da tafiya ta yi nisa na fara tashi, amma kullum da zanen a hannunki. Ina jin sa a ƙuguna, ko bai ja ba na san yana nan. A zuwanmu na ƙarshe kika ce mini, "Malama, ranar Alhamis zan saki zanen." Na ce idan kika saki, ni da ke sai a lahira. Wallahi haka na ce miki, Lukiya, da wasa, kika yi dariya har kika cire gilashi. Na koma gida ina addu'ar Allah Ya kawo abin da zai hana Alhamis ɗin nan zuwa. Ruwan sama nake nufi, ko taro ya ɗauke ki zuwa birni.

Washegarin rasuwarki aka yi jana'iza a gidan mahaifiyarki. Saujati ta ce in zauna, za ta isar da gaisuwata. Na ce a'a. Ta ɗauko kujera za ta ɗaura a bayan keke, na ce ta mayar. Muka kama hanya. Na san abin da zan tarar: ɗaki cike da mata, ba bango kusa, ba ƙarfen dafawa, ba ke.

Haka kuwa na tarar. Wata ta taso da kujerar roba tana nuna mini baranda, na girgiza kai. Na ba Saujati sandata, na sauka kamar yadda kika koya mini, gwiwa ɗaya sannan ɗayar, na zube a gefen mahaifiyarki. Ban taɓa ganin ta ba sai ranar. Tsohuwa ce ƙarama, goshinku ɗaya. Na kama hannunta na yi kuka a cikin mata, kafaɗata tana taɓa ta wata, abin da ban samu na yi wa yayata ba. Amma ko a cikin kukan, wani sashe na zuciyata yana lissafin yadda za a yi in tashi.

Da maza suka gama salla aka ce za a ɗauki makara. Mata suka miƙe gaba ɗaya don su fita baranda su yi miki kallon ƙarshe. Na ga ƙafafu sun kewaye ni, na ga hannuwa suna saukowa. Wata ta riga ta kama hannuna na hagu. Na buɗe baki zan hana ta. Sai na ji muryar mahaifiyarki, ba da ƙarfi ba.

"Ku sake ta. 'Yata ba ta son a ɗaga mata mutanenta."

Suka sake ni. Ana ta salati a waje, mata suka yi ta fita, har Saujati turereniya ta tafi da ita. Ɗaki ya rage daga ni sai tsohuwa. Na ce mata, "Inna, ki je, za su tafi da ita." Ba ta motsa ba. Na miƙa mata bakin zanena na ce to ta riƙe mini. Ta dube shi, ta ce ita ba ta san yadda ake yi ba, kada ta ɓata miki aiki. Ta naɗe hannuwanta a cinya.

Na juya kan ɓarin dama. Na dafa ƙasa. Na hau gwiwoyi, ɗakin ya juya mini, na ga tsakar gidana da kajin nan. Na kafa ƙafa, na tura, na dawo. Na sake turawa, na sake dawowa, gwiwata ta bugi siminti. Na kira sunanki a fili, ban ji kunya ba. A karo na gaba ban san yadda aka yi ba, na dai ji ni a tsaye, ina haki, ba kowa a bayana.

Muka fita tare da ita a hankali, tana gefena ba ta taɓa ni ba. Kafin mu kai baranda an riga an sha kwana da makara. Hulunan mazan ƙarshe kawai muka gani suna ɓacewa a bayan gonar rogo. Saboda ni uwarki ba ta ga fitarki daga gidanta ba. Na fara ba ta haƙuri, ta tare ni.

"Tun da ta fara aikin nan take ba ni labari, ban taɓa gani da idona ba," in ji ta. "Makara kuwa na ga da yawa."

Lukiya, kada in yi miki ƙarya, tsoron bai tafi ba. Tashi ɗaya na yi, kuma har yanzu idan Saujati ta fita kasuwa sai tsoron ya dawo mini sabo. Ina tsoron ranar da ƙafar za ta ƙi. Na fi jin tsoro saboda sauran matan, waɗanda kika bari a tsakiyar hanya, wasu sun iya sauka ba su iya tashi ba. An ce za a turo wani likita, ba mu san yaushe ba, ba mu san ko zai zo da kujerunsa ba. Layina ta aiko mini cewa ranar Alhamis mu haɗu a gidanta, tana da tabarma da zannuwa, wai tunda ni ce na fi kowa tsoro kuma na tashi, ni zan tsaya a baya. Ban san ko hannuna ɗaya zai iya tare mace in ta tafi ba. Na ce mata zan zo, tare da Saujati.

Ya Allah, Ka ji ƙan baiwarKa Lukiya, Ka yafe mata kurakuranta, Ka yalwata kabarinta Ka haskaka shi. Yadda ta zauna da mu a ƙasa lokacin da muke cikin firgici, Ka sa mata natsuwa ranar firgici mafi girma, Ka tashe ta cikin bayinKa na gari, Ka sa Aljanna ce makomarta. Ina miƙa ta'aziyyata ga mijinta Che Amidu, da 'ya'yanta ƙanana da ba su gama sanin abin da suka rasa ba, da abokan aikinta, da matan ɗakin tabarma. Ga mahaifiyarta kuwa, wadda ta zauna ta jira ni, ba ni da kalmar da ta isa. Allah Ya ba ki haƙuri, Inna, Ya haɗa fuskokinku a inda ba a rabuwa. Mu da muka saura, Allah Ya kyautata namu ƙarshen, amin.