Abin da Ke Bayan Ɗakina

Shekarar da kogi ya sauya hanya ita ce shekarar da maigidana ya rasa aikinsa. Mai fito ne a mashigin da fataken kanwa ke bi in sun taso daga gabas za su shiga Hadejia. Jirgin na sarkin ruwa ne, shi tuƙi ne kawai nasa tun yana saurayi. Da ruwan wannan shekara ya janye, sai muka tarar kogin ya koma kudu ya bar mana rairayi. Jakuna suna ratsawa ta inda jirgi ke bi a da, ko kofatonsu ba ya jiƙewa. Sabon mashigin kuwa ya faɗa ƙasar wani dagaci, shi ma yana da nasa mutanen.

Babu inda bawan Allahn nan bai taka ba. Ya je marina, aka ce hannu ya yi yawa. Ya je Auyo wajen masu shinkafa, suka ce ya dawo lokacin yanka. Har kasuwar Kafin Hausa ya je wai zai gwada dillancin dabbobi, mutumin da bai taɓa buɗe bakin akuya ya duba haƙori ba. Ba na tambayarsa in ya dawo. Daga yadda yake jingine sandarsa nake sanin abin da aka ce masa. Rumbu yana ta yin ƙasa, ni kuma bakina ba ya shiru, na sha gaya masa maganar da ba ta kamata ba.

Ana cikin haka wani ɗan'uwansa ya aiko daga wajen Baturiya cewa akwai mashigi babu mai fito. Sai dai mutum ya zo da jirginsa, kuma kafin ruwa ya sauko, in ba haka ba a ba wani. Jirgi kuwa ba zai samu ba sai mun sayar da gida.

A bayan ɗakina akwai wani wuri da ba na shara da ƙarfi. Ɗana na fari yana nan. Bai kai ga rarrafe ba zazzaɓi ya ɗauke shi, a daminar da ruwa ya cinye hanyar maƙabarta, sai aka binne shi cikin gida kamar yadda ake yi wa jarirai. Ɗan fari ne, saboda haka ban taɓa kiran sunansa ba, ban yi masa wasa a gaban mutane ba, da ya rasu ma ban yi kukan da wani ya ji ba. Haka aka koya mana kunya, kuma na iya ta sosai. Da shekaru suka tafi ƙasar ta daidaita, wanda bai sani ba ba zai gane komai ba.

Mai saye na farko har an yi ciniki, da ya ji labarin sai ya janye, wai matarsa tana da ciki, ba za ta iya kwana kusa da kabari ba. Daga nan aka daɗe babu wanda ya leƙo. Hadari ya fara haɗuwa a gabas da yamma yana watsewa. Da wani ɗan kasuwa mai fataucin kanwa ya ce zai zo, maigida ya tsaya a ƙofar ɗakina ya ce, "Ke, wannan karon kada in ji bakinki. In ya tafi, mun tashi babu gidan kirki babu aiki."

Da hantsi suka zo, ɗan kasuwan da tsohuwarsa. Aka yi sallama, na shige ɗaki na saki asabari. Tsohuwar ta biyo ni ta zauna a tabarma tana ƙare wa tukwanena kallo, kamar su ma na sayarwa ne. Ina jin mazan suna zagayawa. Mai sayen ya ƙwanƙwasa azara, ya ce gara ba ta taɓa ta ba. Ya yaba ƙyauren zaure. Sai takunsu ya zagayo bayan ɗaki, bango kaɗai ke tsakanina da su.

"Malam, salgar nan taku ta kusa cika," in ji shi. "Nan zan haƙa sabuwa. Ƙasar wurin ma da taushi."

Na ji sandarsa tana dukan ƙasa. Na saurara in ji maigidana ya ce wani abu, ko da tari ne. Bai ce komai ba. Tsohuwar tana tambayata ko rijiyar unguwa tana ƙafewa da rani, ni kuwa haushin kowa nake ji, har da ita da ba ta san komai ba. Na tuna da rumbun da ya kusa ƙarewa, na tuna da 'ya'yana mata biyu da na tura maƙwabta don kada su yi surutu. Sanda ta sake sauka.

Ban san lokacin da na ɗaga murya ba. "Iya, ki gaya wa ɗanki ya ɗauke sandarsa. Ɗana yana kwance a wurin nan."

Dukan ya tsaya. Tsohuwar ta dube ni ta ce, "Na fari ne?" Na ce shi ne. Ta miƙe da ƙyar, ta ɗaga asabari ta fita, na ji tana ce wa ɗanta a kewaye wurin da ƙaya, kuma muddin tana raye babu mai sa fartanya a nan.

Bai fasa saye ba, amma ɗan kasuwa ne. Ya ce tunda bayan ɗaki ba nasa ba ne, ba zai biya kuɗinsa ba, ya zaftare abin da ya ga dama. Kuɗin da muka samu bai kai na jirgin da maigida ya yi wa alkawari ba. Wani tsohon jirgi muka saya, duk jikinsa faci.

Har muka ɗaure kaya muka bar garin bai ce mini uffan ba. Na so ya yi faɗa in samu abin ramawa, ya ƙi.

Ranar da muka fara sa jirgin a ruwa, shi yana tsaye a baya da gora yana tuƙi, ni ina tsugune da ƙoƙo ina kwarfar ruwan da ke shigowa ta ƙasa. Ina zubarwa yana dawowa, har ya rufe mini idon sawu. Na gaji na ce, "To, faɗi mana. Ni na jawo mana wannan."

Bai dube ni ba. Ya ce, "Da hannuna na haƙa ramin nan. Mutumin yana dukan wurin ina tsaye, bakina ya ƙi buɗuwa."

Sai ya kira sunan yaron a hankali, sunan da ban ƙara ji a bakin kowa ba tun ranar da aka raɗa masa shi. Na sunkuyar da kai na ci gaba da kwarfar ruwa, ina kukan da ya kamata in yi tun tuni.