Sakatar Kejin Dubbu

Da ana mayar da aiki baya, cikin duk ƙarfen da na ƙera a Madina sakata ɗaya zan koma in cire. Tsawonta bai kai kamu ɗaya ba. Ni na yanka ta, ni na liƙa ta a ƙofar kejin dubbu, kuma sau uku ana gaya mini ba ta isa ba ina dariya. Wanda ya gaya mini ɗin, yau ba ya iya dunƙule hannunsa na dama.

Ni maƙeri ne ɗan maƙera. A Sudan aka haife ni, na zo hajji ina saurayi na zauna, na koyi walda, har na buɗe ƙaramar warsha, wato shagon walda, a unguwar Azizya ina yin ƙofofi da tagogi da shingen tumaki. Wata rana wani mai gonar dabino a wajen Ranuna, wanda na daɗe ina yi wa aiki, ya kira ni ya ce keji yake so. Na ɗauka na tantabaru ne. Sai ya buɗe bayan motarsa ya nuna mini wata dabba mai gashi ruwan ƙasa, girmanta bai wuce na ɗan rago ba, tana tsotsar tafin hannunta. Ya ce dubbu ne, abin da ɗalibai 'yan Najeriya masu karatu a nan ke kira beyar. Daga duwatsun wata ƙasa aka kamo shi bayan an harbe uwar. Yadda aka shigo da shi bai faɗa ba, ni ma ban tambaya ba.

Kejin kam na yi shi da rodi mai kauri, ko raƙumi ba zai lanƙwasa shi ba. A ƙofar sai na sa irin sakatar da nake sa wa garken tumaki: ka ɗaga mariƙin, ka ja gefe, ta buɗe. A wurinmu kwaɗo na ɓarawo ne. Dabba ba ta da hannu, me za ta yi da sakata? Haka na gani wurin ubana, haka na yi shekara da shekaru.

Mai kula da gonar wani Buzu ne daga wajen Agadas, tsarana, gwanin hawan dabino. Shekara ashirin muna tare. Kowa ya san tsakanin maƙeri da Buzu wasa ne, ba a fushi. Shi ya ce ni bawansa ne, hayaƙi ya cinye mini hankali. Ni in ce ya naɗe baki da rawani ne don kada a ga dabinon mutane da yake taunawa. Duk Juma'a bayan la'asar yakan zo gidana a unguwar Harra ta Gabas mu sha shayi da sauran dattawa.

A wurin shayin ya fara maganar. Ya ce abin nan yana da hannu irin na mutum, in zo in sa masa kwaɗo. Na ce to ya koya masa tsinkar dabino ya huta. Bayan wasu watanni ya sake, na sake ba shi amsa irin waccan. Na ukun, dubbun ya shekara biyu, ya riƙe mini hannun riga a bakin ƙofa, ba ya dariya.

"Maƙeri, wallahi ba wasa nake ba. Yana kallon hannuna duk lokacin da na buɗe."

"Buzun da ya ratsa Sahara a ƙafa, ɗan rago mai gashi ya hana shi barci," na ce, na ɗaga murya don na cikin ɗaki su ji.

Aka yi dariya. Shi ma ya yi, don abokin wasa ba ya ɓata rai a gaban mutane.

Abin da ban gaya wa kowa ba shi ne wannan. Ba a yi wata ɗaya ba na je gonar gyaran rumfar famfo, Buzun yana can ƙarshen gona yana ban ruwa. Na wuce ta gaban kejin, sai na ga dubbun ya ziro farce ta tsakanin rodi, ya ɗaga mariƙin sakatar, ya sake shi ya faɗi, ya sake ɗagawa. Ja gefe kawai ya rage masa. Na ce a raina gobe zan zo da kwaɗo. Da na koma gida sai na fara tunanin abin da Buzun zai yi da ni a wurin shayi in ya ga kwaɗon: har in mutu ba zan huta ba. Na yanke shawarar in bari sai ranar da ba ya gonar in sa a ɓoye. Shi kuwa kullum yana gonar.

Ranar da abin ya faru lokacin ɗanyen dabino ne, zafi kamar bakin maƙera. Da hantsi na kai wata ƙofa da aka sa ni yi gonar, ina sauke ta daga mota. Buzun yana gindin wani dabino yana ɗaura igiyar hawa a ƙugu, kwando cike a gefensa. Sai na ji ƙarar ƙarfe ya zame. Maƙeri ya san kukan aikinsa. Kafin in juya na san mene ne.

Dubbun bai fito da gudu ba. A hankali ya taho, yana kaɗa kai. Buzun ya gan shi, ya kama dabinon ya hau da saurin da ban taɓa ganin dattijo ya yi ba. Na ce alhamdu lillahi, ya tsira. Sai dubbun ya miƙe a kan ƙafa biyu, ya fi ni tsawo, ya rungumi gindin dabinon ya fara hawa. Ban san suna hawa ba. Ba wanda ya taɓa gaya mini. Ya kama Buzun a idon sawu ya fizgo shi, igiyar ta tsinke, suka faɗo tare. Buzun ya kare fuskarsa da hannun dama, na ji ƙashi ya karye kamar an taka busasshen reshe.

Akwai guntun rodi a hannuna. Na yar da shi, na shige mota na kulle. Wannan ma gaskiya ce. Na danna oda na riƙe, ina kallo ta gilashi. Ba odar ce ta sa ya sake shi ba. Kwandon ne ya kife, dabino ya watse, sai ya juya ya zauna yana ci da hannu biyu, bakinsa duk jini, kamar ba abin da ya faru. A lokacin na samu na tura motar tsakaninsu, na jawo abokina ciki. Rawaninsa ya warware. Shekara ashirin, ranar na fara ganin bakinsa, yana motsi ba sauti.

Hukuma ta zo ta ɗauke dabbar, mai gonar ya sha tambayoyi. Ni ba wanda ya tambaye ni komai. Mutane suka ce dabba dabba ce, ƙaddara ce.

Likitoci sun ceto hannun amma yatsun ba su sake kamawa ba. Mai hawan dabino kuwa da hannu yake ci. Sai da ya yi sati uku a asibiti kafin na iya zama kusa da gadonsa na gaya masa cewa na ga dubbun yana ɗaga sakatar, na kuma gaya masa dalilin da ya hana ni kawo kwaɗon.

"Da ka kawo, Usta, sati ɗaya zan yi ina tsokanarka," ya ce. "Sati ɗaya kawai."

Usta ya kira ni, kamar yadda baƙi masu kawo aiki ke kirana. Ya ce ya yafe, Allah ya yafe mana duka, kuma na yarda da gaske yake. Amma daga ranar har ya koma ƙasarsu wurin 'ya'yansa bai sake ce mini bawansa ba. Muna waya lokacin salla, mu gaisa da ladabi, mu tambayi iyali.

Ina roƙon duk wanda ya karanta wannan, in an kira ka aikin tsare dabbar daji a gida ko a gona, ka ce ba ka iyawa, ka kuma faɗa wa hukuma. In kuma mutumin da kuka saba raha da shi ya zo maka da tsoro, ka dubi fuskarsa kafin ka ba shi amsa. Kada ku yi yadda na yi.