Ba A Sayar Da Saniya Da Igiyarta

Da igiya Baba ya sauka a Amurka. Ranar da na buɗe akwatinsa a falonmu, riguna uku na tarar, da carbi, da maganin hawan jini, sai wata igiya da tsufa ya mayar baƙa ƙirin, an naɗe ta cikin zanen marigayiya Inna. Warin shanu ya bugi hancina har sai da na ja da baya. Na ce, "Haba Baba! Duk kayan duniya ka rasa abin ɗaukowa sai wannan? Yaya ma aka yi suka bar ka ka wuce da ita a filin jirgi?"

Ya karɓe ta daga hannuna a hankali, ya sake naɗe ta. Ya ce, "Ba a sayar da saniya da igiyarta. Ko saniya ta tafi, igiya tana zama a gida, ita ce ke kiran wata."

Shi kuwa shanunsa ba sayarwa ya yi ba. Ɓarayi ne suka kore su da rana tsaka, garken da ya gada tun daga kakansa, ya dawo daga jana'iza ya tarar da turaku kawai da wannan igiya a ƙasa. Abin da ya sa ke nan na dage da zancen takardu har na kawo shi wurina a Greensboro. Ni a ganina na ceto shi. Na kawo shi inda akwai asibiti da wuta da ruwan zafi, to me kuma ya rage?

Gidanmu hawa na biyu ne a bayan babban titin Wendover Avenue. Ina aiki a wani sito, tsaye nake wuni ina naɗe kwalaye, maigidana kuma direban tirela ne, sai ya yi mako bai kwana a gida ba. Baba sai ya zama shi da baranda. Mutumin da a da yake fita da asuba da sanda a kafaɗa ba ya dawowa sai la'asar sakaliya, yanzu yana zaune kan kujerar roba yana kallon motoci. Wata rana ya tambaye ni, "Wai su waɗannan, ba kiwo suke ba, ba ruwa za su sha ba, ina suke gudu haka?" Na yi dariya, amma shi ba wasa yake ba. Abinci ya rage ci, wuyan rigarsa ya yi masa yawa, ina gani ina kawar da kai don ban san abin da zan yi ba.

Da Babbar Salla ta matso, gida bakwai muka haɗa za mu yi layya da sa guda. Aka ce akwai wani tsoho a ƙauyen Pleasant Garden da ke sayar da dabba a tsaye. Maigidana yana kan hanya, don haka ni na bi mazan da motata, na ɗauki Baba don kawai ya sha iska.

Tsohon Bature ne dogo, ya fara ranƙwafawa, ƙafafunsa sun lanƙwashe kamar baka saboda hawan doki. Ba ya rabuwa da wata faffaɗar hula da gumi ya ci gindinta, shi ya sa muke ce masa Mai Malafa. Daga baya na ji cewa da ƙuruciyarsa can yammacin Amurka ya tafi, yana kiwon shanun mutane a kan doki, sai da mahaifinsa ya rasu ya dawo ya riƙe gonar. Shanunsa ba su fi ashirin ba, sai wani doki da ya kusa kai shi tsufa. Kafin mu shiga ya tsayar da mu ya ce abu biyu yake roƙo: duk ƙofar da muka buɗe mu rufe ta, kuma kada kowa ya ɗaga murya kusa da dabbobinsa. Mazanmu kuwa, ka san su, kowa waya a kunne yana ba Kano labari.

Wata jar karsana suka zaɓa, mai sheƙi, aka yi ciniki aka sha hannu. Ina juyawa na nemi Baba na rasa, ashe ya riga ya shige cikin garken. Na ce a raina yau shanun Turawa za su tattake mini uba. Ina! Yana tafe yana wani ɗan kaɗa harshe, suna buɗa masa hanya. Ya je ya dafa karsanar, ya shafa cikinta ta dama, ya daɗe a haka, sannan ya ɗago ya ce, "Faɗa masa wannan tana da ciki. Ba a yanka ta."

Na fassara ina jin kunya. Mai Malafa ya je ya sa nasa hannun inda Baba ya sa, ya tsaya. Can ya ce bajimin maƙwabcinsa ya taɓa karya shinge lokacin sanyi, ya ɗauka wannan ta tsira. Sai ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji yana kallon Baba. Ya ba mu wani sa da ya fi karsanar girma nesa ba kusa ba, bai ƙara ko sisi ba, ya ce ya riga ya ba da hannu a kan farashi, hannu kuma ba ya dawowa. Da za mu tafi ya ce mini, "Ki riƙa kawo shi ranar Asabar. Na daɗe ban ga mutumin da ya san abin da yake kallo ba."

Haka Asabar ɗina ta tafi. Ranar da nake wanki da barci ita ce ta zama ranar tuƙi zuwa Pleasant Garden, in zauna a mota ina cika ina batsewa, tsofaffi biyu suna jingine da shinge. Baba ba ya jin Turanci ko na zo in kashe ka, shi kuma Mai Malafa ko sannu bai iya ba, amma sai su yi awa uku a haka. Wannan ya nuna kofaton wata saniya, wancan ya gyaɗa kai. Na ce, "Baba, wai me kuke cewa ne?" Ya ce, "Ke dai yi ta danna wayarki. Masu shanu ba sa neman tafinta."

Wani lokaci dai sukan neme ni. Ran nan Mai Malafa ya ce in faɗa wa Baba cewa wanda yake son ya kai shanu da wuri, to ya tafi a hankali. Baba ya yi dariya har da tari, ya ce wallahi haka mahaifinsa yake faɗa, anya Baturen nan ba ɗan rugarmu ba ne da ya ɓata? Tsohon ba ya karyawa sai dabbobinsa sun ci, kuma bai taɓa zama ba matuƙar Baba yana tsaye. Baba ya ce mini, "Wannan yana da kunya. Mutumin da ke da kunya ko daga ina yake ɗan'uwa ne."

A Asabar ta biyar Baba ya fito da zanen Inna a hammata. Da muka isa ya warware igiyar, ya zura wa jar karsanar a wuya, ya ja ta suka zagaya filin sau biyu tana bin sa kamar shi ya raine ta. Da ya gama bai mayar da igiyar cikin zane ba, ya rataye ta a wani ƙusa a cikin rumfar shanun, Mai Malafa yana kallo. A hanyar komawa na ji Baba yana waƙa ƙasa-ƙasa, abin da ban ji ba tun rasuwar Inna. Ya ce, "Kin gani ko? Igiya ta yi kira." Ya lissafa da yatsu cewa kafin sanyi ya kama za ta haihu, kuma shi zai karɓi haihuwar. A ranar, tuwo malmala biyu ya ci.

Wata uku muka yi a haka. Sai wata Asabar, Baba yana can wajen karsanarsa, Mai Malafa ya zo ya ƙwanƙwasa gilashin motata. Ya ce ƙugunsa ya ƙi, likita ya hana shi ɗaukar ko bokiti, 'ya'yansa kuma babu mai son shanu, sun matsa har ya sa hannu. Masu gina gidaje sun sayi filin. Nan da mako uku mota za ta zo ta kwashe shanun zuwa kasuwar gwanjo. Ya ce, "Ki zo yanzu ki fassara, ni zan faɗa masa. Irin wannan magana ido da ido ake yin ta."

Na leƙa na hango Baba yana cire wa karsanar ƙaya a jela yana mata hira. Zuciyata ta karye. Na ce, "A'a, ka bari, ni zan faɗa masa a gida." Ya daɗe yana kallona, sannan ya miƙo mini hannu, na ba shi nawa.

Ban faɗa ba. Na shirya maganar a mota, na shirya ta a kicin, na shirya ta a kan sallaya, amma da na ga fuskarsa sai bakina ya mutu. Da Asabar ta zo na ce an ba ni aikin dole a sito, alhali ni na roƙi manaja ya sa ni. Ta biyu ma haka. Kullum da safe Baba zai ce, "Kira mini abokina mana, ki ji ko nononta ya fara saukowa." In ce na kira bai ɗauka ba. Shi kuwa bawan Allah sau huɗu yana kirana ina kife wayar. Na riƙa gaya wa kaina tausayi ne. Tausayin me? Tsoro ne kawai, tsoron in ga Baba ya koma kujerar roba, kuma a ce daga bakina abin ya fito.

Ƙarya fure take yi, ba ta 'ya'ya. Ranar Lahadi bayan Asabar ta uku, da hantsi, aka buga ƙofa. Ina buɗewa na ga Mai Malafa, hula a hannu ɗaya, igiya a ɗayan, yana haki saboda matakalar benenmu. Mazan layya ya bi har ya sami adireshinmu. Ko harara bai yi mini ba, da ma ya yi da na fi jin sauƙi. Baba ya taso da murna yana "Maraba, maraba," sai idonsa ya sauka a kan igiyar.

Ni na tsaya a tsakaninsu na fassara, kalma bayan kalma, abin da na gudu mako uku kada in faɗa. An kwashe su jiya. Direban motar ya so ya ja karsanar da igiyar da ya gani a ƙusa, Mai Malafa ya hana shi. Ya ce kakansa ya koya masa ba a sayar da doki da ragamarsa, kuma wannan ma ba tasa ba ce balle ya bayar.

Baba ya ce, "Ta haihu?"

Ba ta haihu ba. Da cikinta ta tafi.

"Wa ya saye ta?"

Mai Malafa ya ce bai sani ba, a gwanjo ba a sanin inda dabba za ta. Ya ce shi ma ɗaki ɗaya aka tanadar masa a gidan 'yarsa, dokin kuma wani ya karɓa don jikokinsa. Baba ya karɓi igiyar da hannu biyu. Suka riƙe hannun juna suka daɗe, ba wanda ya nemi in fassara komai. Baba ya raka shi har gindin tsohuwar motarsa, ya tsaya har ta shige cikin motocin Wendover.

Da ya hawo ya ce, "Tun yaushe kika sani?"

Na ce, "Mako uku, Baba."

Bai yi faɗa ba. Ya ce, "Waɗancan shanun nawa, ɓarayi ne suka kore su, ban samu na yi musu sallama ba. Wannan kuwa da kin faɗa mini, da na je na shafa kanta." Ya shige ɗaki. Na zauna a ƙasan kicin na yi kukan da ban yi ba ko ranar da aka bugo mini rasuwar Inna.

Na ɗauka zai mayar da igiyar cikin zane. Kwana biyu bayan nan na dawo daga aiki na tarar ya ɗaure ta a baranda daga wannan ƙarfe zuwa wancan, ya shanya singiletinsa da safa biyu a kai, shi kuma yana ƙarƙashi a kujerar roba yana kallon titi. Na ce, "Baba, igiyarka ce fa!" Ya ce injin busar da kaya yana cinye masa riguna.

Ba a yi mako ba na tarar da takarda manne a ƙofa daga ofishin masu gidan, wai dokar gida ta hana shanya a baranda, a cire kafin Juma'a. Wannan karon ban ɓoye ba, na je na durƙusa a gabansa na karanta masa ita tas, na ce in ya yarda zan je ofishin in yi musu bayani, in ya so su kore mu.

Ko juyowa bai yi ba. Ya ce, "Bayanin me? Cire musu mana. Igiya ce kawai."