Ramukan Dada Ungozoma

Dada ba ta san ranar da ta shigo Najeriya ba, don ba wanda ya gaya mata ta shigo. Shekarar fari ce, tana 'yar budurwa, ta biyo ayarin masu gudun yunwa daga arewa. Jakinsu ya mutu a Tungar Falalu, wani ƙauye a yankin Janbako. Sauran suka wuce, ita ƙafa ta kumbura, ta zauna. Nan ta yi aure, nan mijin ya rasu, Allah bai ba ta haihuwa ba. Sai haihuwar wasu ta zama sana'arta.

Ungozoma ce mai al'ada guda. Da an ce mace ta fara naƙuda, kafin Dada ta leƙa ɗaki sai ta zaga baya da guntuwar fartanyarta, ta haƙa ramin da za a binne mabiyiya da cibiya, ta barbaɗa toka a ciki, ta jingine sakaina a bakinsa. Mata kan yi mata tsiya, wai ba a haihu ba ta riga ta gina rami. Ita kuwa sai ta ce, "Baƙo na tahe, a gyara mishi wuri tun bai iso ba." Duk mai taƙamar nan aka binne cibiyarsa, hannun Dada ne ya binne ta.

Da 'yan bindiga suka addabi yankin, sai aka fara raɗe-raɗin baƙi ne ke kai musu labari. Shi kuwa tsoro ba ya iya kama mai laifi, mai rauni yake kamawa. 'Yan sa-kai suka yanke hukunci: duk wanda ba a binne cibiyarsa a ƙasar nan ba, ya tattara ya koma inda ya fito. Shugabansu Muttaka ya zo da kansa, ya durƙusa, ya ja gaisuwa har ta ƙare masa, idonsa a ƙasa.

"Dada, doka ta. Ke mutunniyar Nijar ta."

"Muttaka, ni nab bizne taka cibiya, bayan ɗakin uwakka."

"Na sani. Taki ina take?"

Ta ce ba ta son gida, ba ta son gona, abu guda take roƙo: in ta mutu a kwantar da ita kusa da mijinta. Ya ce ba shi da iko. Abin kunya ne, kowa a ƙauyen ya san abin kunya ne, amma ba wanda ya buɗe baki.

Daga Talata Mafara ta shiga motar iyaka. Direban ne ya kawo labari daga baya: jami'an iyaka na Nijar suka saurari hausarta suka ce 'yar Najeriya ce, na nan suka ce ai daga can ta fito. Ya baro ta zaune gindin wata aduwa tsakanin shingayen biyu, fartanya a cinya. Ba a ƙara jin ɗuriyarta ba.

Da damina ta faɗi, matar Muttaka, Hanifa, ta kama naƙuda da rana tsaka. Maƙwabciyarsu Barira ta zaga bayan ɗaki za ta haƙa rami, sai ta tarar an haƙa. Ga toka, ga sakaina a jingine, ƙasar da ɗanshinta, ba sawun kowa. Haka ya zama a kowace haihuwa. Wani lokaci ma ramin ake fara gani kafin mai ciki ta ji ciwon mara.

Bayan kaka, wata safiyar Juma'a, masu wucewa gona suka hango sabuwar ƙasa a maƙabarta. Rami ne mai tsawon mutum, an daidaita shi da alƙibla, dab da kabarin mijin Dada, an barbaɗa toka, an jingine sakaina. Ba mai ciwo a ƙauyen. Maza suka tsaya cirko-cirko har la'asar, ba gawa.

Muttaka ya dubi liman. "Malam, mu ruhe shi?"

Liman ya dubi sakainar, ya ce, "Bar shi. Baƙo na tahe."

Har yau ramin yana nan buɗe. Shi kuwa Muttaka kullum yana bakin titi, yana tare motocin da suka fito arewa, yana tambayar direbobi ko sun ɗauko wata tsohuwa mai fartanya.