Allurar Shanu Ta Kai Ni Ƙofar Babana

Muna idar da sallar asuba muka tashi daga Kazaure, mu uku a tsohuwar Landirobar ma'aikatar dabbobi: direba, da shugabanmu, wani dattijo da ya yi furfura a aikin, sai ni sabon shiga, rungume da akwatin ƙanƙara da ruwan allura ke ciki. Ku abokaina na makarantar koyon jinya a Kano, kun ce in na yi fitar farko in ba ku labari, ko kwa gane abin da ya sa mutum da hankalinsa zai tuɓe farar riga ya bi shanu. To ga shi.

An tura mu ne mu yi wa shanu rigakafin bushiya, cutar nan da kan share garke ɗungurum. An ce ta ɓulla ta wajen iyaka, ga dabbobi ba su gama farfaɗowa daga farin da aka yi ba. Ni kuwa akwai wani abin a raina. Zangonmu na ƙarshe Kanya Babba ne, garinmu, kuma tun ranar da na bar makaranta babana bai aiko mini ko da gaisuwa ba.

Duwatsun Kazaure na komawa bayanmu kwalta ta ƙare, muka faɗa hanyar Roni. Kaka ce sosai. An yanke gero an jera dammuna, dawa ta sunkuya don nauyi, ko'ina ka duba ana cirar gyaɗa. Duk ramin da muka faɗa sai direba ya ce kada mu damu, yanzu gwamnati ta yi kuɗin fetur, an kusa shimfiɗa kwalta. Shugabanmu ya ce shi tun ranar samun 'yancin kai yake jin wannan albishir. A bakin kasuwar Roni muka karya da koko da ƙosai mai zafi. Na miƙa wa mai ƙosan sabuwar naira, ta jujjuya ta, ta ce ita dai in yi mata lissafi da sule in ina so mu rabu lafiya.

A bayan gari aka kafa mana shingen itace, ana shigo da shanu ɗaya bayan ɗaya. Hannuna ya saba da fatar mutum, sai ga allurata ta farko ta lanƙwashe a wuyan wata farar saniya. Na canja wata, na dafa saniyar, ban san lokacin da na ce mata, "Yi haƙuri, yanzu za a gama," ba, kamar yadda aka koya mana a ɗakin marasa lafiya. Makiyaya suka yi ta dariya har da riƙe ciki. Kafin azahar hannuna ya faɗa: in soka, shugabanmu ya tsaga kunne don a san an yi mata, a kora ta gaba. Na yi kaca-kaca da kashin shanu har gwiwa, amma rabon da in ji daɗin aiki irin na ranar har na manta.

A garin Gwiwa kuwa wayam muka tarar da filin. Ashe labari ya riga mu cewa masu ƙirgar jangali ne suka zo da sabuwar dabara, aka kora shanu bayan duwatsu. Muka sami arɗon wurin a gindin tsamiya yana tufkar igiya. Na durƙusa na gaishe shi da Fulatancin da na tsinta a wurin dangin mahaifiyata. Ya amsa, ya dube ni.

"In ba ƙirga ba ce, tsaga kunnen na mene ne?" in ji shi.

"Baffa, don kada a yi wa saniya ɗaya sau biyu ne. In ka ga ɗayanmu ya ɗauki alƙalami, ka kore mu."

Ya ci gaba da tufkarsa. Can da la'asar ya sa aka jawo wata tsohuwar saniya mai karyayyen ƙaho, wadda ko ta mutu ba a yi asara ba, muka yi mata. A garin muka kwana. Da hantsi sai ga ta a gaba tana tauna abinta lafiya lau, bayanta kuma shanu suna ta gangarowa daga tsakanin duwatsu, farare da jajaye, har ido ba ya ganin ƙarshensu. Sai da rana ta yi ja muka gama. Matan ruga suka kawo mana fura da kindirmo a ƙwarya, irin wanda ludayi ke tsayawa a ciki. Direbanmu ya sha har ya nemi a ɗaga tafiya.

Muka biyo ta Kazaure muka sake ƙanƙara, muka nufi Babura, inda yashi ya fi yawa, mota na tafiya tana wutsil-wutsil. Mun dace da ranar kasuwa. Mutanen Nijar sun sauko da raƙuma ɗauke da kanwa da gishiri da dabino, ana ciniki rabi da sefa rabi da naira, kowa kuma ya san lissafinsa. Dabino ya fi na Kano araha nesa ba kusa ba, na sayi mudu na ƙulle. Wani mai jaki ya tsaya kallonmu, da muka gama ya naɗe hannun riga ya ce in da saura a yi masa, bayansa ke ciwo. Na ce masa wannan aikinku ne ku masu jinya, na nuna masa hanyar ɗakin shan magani.

Da muka doshi Kanya Babba sai tunanin gida ya dawo mini. Wasunku ba su san dalilin fushin babana ba. Ina yaro mahaifiyata ta kwanta ciwo, aka ɗora ta a amalanke za a kai ta asibiti, ba a kai ba ta cika a hanya. Tun daga ranar ya ƙudura sai ya ga ɗansa a aikin asibiti. Na yi iya ƙoƙarina, ku shaida ne, amma duk ranar hutu a kasuwar shanu kuke samuna.

Na shiga gida na durƙusa na ajiye dabino. Ya amsa gaisuwa a taƙaice, ya tambayi hanya, ya tashi ya tafi masallaci. Tuwon ranar bai wuce mini da daɗi ba.

Washegari muna tsakiyar aiki na ɗaga kai, sai na hango shi a layi, riƙe da igiyar shanun huɗarsa biyu. Mutane suna ta cewa ya wuce gaba, ai ɗansa ne, ya ƙi. A rana ya tsaya yana kallon duk abin da nake yi har layi ya zo kansa. Na ɗauki allura.

"Wannan baƙin yana harbi," in ji shi. "Zagayo ta nan, ni zan riƙe maka kansa."

Ya riƙe, na soka, sa bai ko motsa ba. Da yamma ya sa aka shimfiɗa tabarma a zaure, ya kira ni muka ci tuwon sabon gero a kwano ɗaya.

"Kana jin daɗin aikin nan?"

"Ina ji, Baba."

"Na gani a fuskarka. Ni don mahaifiyarka na so wancan. Amma ita da tana raye, da ita ce za ta fara bin ka cikin shanun nan. Allah ya yi albarka."

Na sunkuyar da kai na ce amin.

Da safe ya rako mu har bakin mota, yana gaya wa shugabanmu cewa in na yi wasa da aiki a aiko masa. Ya sa aka ɗora mana buhun gyaɗa da zabi biyu, waɗanda suka yi ta yi mana kuka har Kazaure. Mun shigo gari ana kiran la'asar, kayanmu duk warin shanu, jikina ko'ina ciwo yake.

Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne, mutum ba ya yarda da kai don yawan bayaninka, sai ya tsaya ya ga aikinka da idonsa, kuma dole ka ba shi lokacin da zai gani. Ku riƙe marasa lafiyarku da kyau. Ni na sami nawa, kuma babana ya sa mini albarka a kansu.