Ƙanƙarar Kifi a Watan Azumi

Yayana ne ya bar min tankin kifin, shekarar da aikinsa ya mayar da shi ƙasar waje. Ya daɗe a Legas, a can ya koyi kiwon kifin teku a cikin gilashi, kuma da gangan ya zaɓi irin da ake kawowa daga tekun ƙasashen sanyi. Da tafiya ta matso ya rasa mai karɓa, sai ya loda komai a mota ya kawo min har gidanmu na unguwar Ɗan Iya. Ban roƙa ba, ban kuma iya ce masa a'a ba.

Tankin bai fi tsawon hannuna ba. A ciki akwai ƙananan kifaye uku masu dabbare-dabbare, masu son laɓewa a ƙarƙashin dutse, da jatan lande biyu da ake hango cikin jikinsu, da wata halitta ja manne da dutse kamar fure, mai buɗe yatsunta in ta ji abinci. A ƙasan teburin kuma na'urar sanyaya ruwa ce, wadda matata ta raɗa wa suna firjin kifi.

"Abu biyu ne kawai," in ji Yaya. "Kada gishirin ya canza, kada ruwan ya yi ɗumi. Ko ya kai na randa, sun fara shan wahala."

"Yaya, nan fa Bauchi ne."

"Na sani. Shi ya sa na kawo wa mai haƙuri."

Damina da lokacin sanyi ba su ba ni matsala ba. Na koyi dama gishirin da ya bar min, wanda ba irin na miya ba ne, na koyi ƙara ruwa zalla in na tankin ya ja baya. In na dawo daga ofis sai in ja kujera in zauna gabansu. Ni da ban taɓa ganin teku ba, ga shi ina da ɗan yankinsa a falo. Kifayen suka gane ni, da na kusato sai su fito daga maɓoyarsu.

Sai bazara ta shigo, azumi ya faɗo a tsakiyarta. Wuta ta koma sai ta ga dama, janareta ya zama abokin hirar gidan. Ina zaune a ofis, hankalina na kan ɗan ma'aunin zafin da ke manne a gilashin. Ko sallah na tayar, sai na yi da gaske nake kore tunanin jan layin ma'aunin nan.

Wata rana na dawo bayan azahar, matata ta tare ni a bakin ƙofa.

"Malam, firjin kifinka ya yi shiru. Na ji ƙauri, sai na zare wayar."

Na shiga ban ko cire takalmi ba. Jan layin ya haura inda ban taɓa ganinsa ba. Kifayen sun taso sama suna buɗe baki da sauri, jar halittar ta dunƙule kamar busasshen tumatir. Na kira Yaya, waya ba ta shiga. Na ɗauko ƙanƙarar da aka tanada don buɗa-baki zan juye, sai na tuna in ta narke za ta tsinka gishirin. Na ƙulle ta a leda biyu na saka a tankin.

"Da me za mu sha ruwa ke nan?" matata ta tambaya. Ba faɗa take yi ba.

"Ki yi haƙuri."

Ta dubi kifayen, ta juya kicin, ta dawo da ragowar da ke cikin kula ta miƙo min.

Washegari na ɗora na'urar a keke na kai wa wani mai gyaran firji a unguwar Gwallaga. Ya buɗe, ya shinshina, ya ce abin da ya ƙone babu shi a garin nan, sai an aiko daga Legas, kuma ba zai yi min alkawarin rana ba. Daga nan na shiga neman ƙanƙara, a watan da kowa a Bauchi ke nemanta. Akwai wata mata a bayan shagon mai gyaran, 'yar kudancin jihar, da ke da manyan firji tana sayarwa. Layi ake yi a ƙofarta tun kafin la'asar. Na bi layi da buhu, masu kula ƙanana suna ta kallona. Kunya ta kama ni sosai, don na san kowace ƙanƙara na ɗauka, akwai mai azumin da zai rasa.

Da na dawo karo na uku matar ta ce, "Alhaji, kai ma sayarwa kake yi?"

Na gaya mata gaskiya.

"Kifi mai rai? Ba na ci ba?"

"Ba na ci ba, Mama. Amana ce."

"To, daina shiga layi kana cinye na mutane. Kawo gorunan roba da ruwa, in daskare maka a gefe. Ka zo da safe ka ɗauka, ka bar wasu."

Haka muka yi. Da safe in je in karɓo, in jera a kula, in tafi aiki. Matata ce ta riƙa canza gorunan da rana, da azumi a bakinta. Ta rataya jiƙaƙƙen zane a taga, ta juya fanka tana hura saman ruwan. Duk da haka layin hawa yake yi ya sauka, kuma hawa da saukar ma wahala ce a gare su. Jatan landen suka fara mutuwa, ɗaya bayan ɗaya. Bayan su sai ƙaramin kifin. Ina ofis matata ta kira ni.

"Ɗaya ya kwanta a ƙasa, ba ya motsi," ta ce. "Na cire shi kada ya ɓata ruwan."

Ranar ce Yaya ya samu ya kira. Na zayyana masa komai ina jiran faɗa.

"Kada ka sa abin a ranka," ya ce. "In sun mutu, sun mutu. Laifina ne da na ɗora maka."

Maganar ba ta sanyaya min rai ba. Na riga na wuce inda nake yi don shi.

Ana saura kwanaki kaɗan sallah kayan gyaran suka iso. Mai gyaran ya biyo ni gida ya haɗa da kansa. Da na'urar ta fara gunjinta na zauna a ƙasa ina kallon jan layin. Kifaye biyun da suka rage suka koma ƙarƙashin dutsensu. Jar halittar kuwa ta daɗe a dunƙule, har na fitar da rai, sai wata safiya matata ta kira ni in zo in ga ta buɗe.

Bayan sallah mai ƙanƙara ta zo gani da idonta, ranar Lahadi, daga coci, da kwalliyarta. Ta sunkuya ta leƙa.

"Duk wahalar nan a kan waɗannan 'yan mitsi-mitsin?"

Na ce eh. Matata ta kawo mata kujera da cincin, ta zauna ta daɗe tana kallo, tana tambayar me suke ci, ko suna barci. Muna cikin haka aka ɗauke wuta. Mu uku muka juya muka dubi na'urar a tare, na miƙe na nufi wajen janareta.